Layar da ke Ƙarƙashin Rigar Lahadi

Ran Lahadi karatu ya faɗo kaina.
Fasto Zurmba ya miƙo Littafin a buɗe,
ya ɗora yatsa a kan wurin, ya koma ya zauna.
Rufin kwano na ta ƙas-ƙas don zafi,
Gidar ta yi tsit, ko akuya ba ta kuka.

Na soma da muryar dattijon ikilisiya,
wadda nake karanta sanarwa da ita.
Sai ga Ubangiji yana magana kamar miji
da ya dawo daga gona ya tarar da murhu a sanyaye,
tabarmar ɗaki a naɗe,
sawun matarsa ya nufi ƙofar wani.
Shi ya sayi zanen, shi ya cika rumbun,
ita ko tana can tana yi wa baƙo godiya.

Da can nakan ce, kai, mutanen dā!
An tsaga musu teku, sun koma gaida gunki.
Ran nan ban ce ba.
Layar da ke ƙuguna ta jiƙe sharkaf da gumi,
igiyarta na cin fatata ƙarƙashin farar riga.

Shekara uku ke nan, da ɗana Todu ya kwanta,
na yi addu'a kwana tara, sama ta yi shiru.
Daren na goma na ɗauki baƙar kaza,
na bi yashin Mayo Luti ba tocila
har bukkar nan ta bayan duwatsun Kola.
Yaron ya tashi. Wa ya tashe shi?
A coci na ce Yesu, na kai buhun gyaɗa.
A zuci na ɓare godiyar biyu
kamar goro.

Wanda ya rage wa Allah, me zai hana shi rage wa mutum?
Ni ke awon auduga idan kaka ta yi.
Gwiwata ta san yadda ake tallafe buhu
allurar ma'auni ta ja baya kilo biyu.
Ga Keza can a bencin gaba, matar marigayi Madi,
ba ta iya karatu ba, lissafina take karɓa,
tana gyaɗa kai ga kowace kalma da ta fita bakina.

Annabin bai sassauta mini ba.
Ya nuna gona ta koma ƙaya, gari ya koma kufai,
kowa an kwance masa ɗamara a tsakar kasuwa.
Bana tsutsa ta cinye audugarmu tun tana fure.
Ban ce hukunci ne ba, ni wa da zan sani?
Har gonar masu gaskiya ta ci.
Na dai san ma'aunin da ke jirana
ba a tallafe shi da gwiwa.

Can ƙasan shafin muryar ta karye.
Mijin da aka ci amanarsa ya ɗauki sandarsa,
ya bi sawun cikin rana,
yana kiran ta da sunan da ya raɗa mata ran amarci.
Nan harshena ya ƙi.
Fasto ya taso, ya karɓa, ya ƙarasa.

Da yamma na yanke igiyar da reza,
na farke fatar a bayan rumbu:
ƙasa ce, da gashin kaza, da ƙusa mai tsatsa.
Wannan na yi shekara uku ina kwana da shi.

Kashegari na tafi gidan Keza da jaka goma sha ɗaya.
Ta ƙirga sau biyu, ta ƙulle a gefen zane.
Ta ce, na sani tun bara, Tumba,
jira nake in ga ko za ka zo da ƙafarka.
Ta ɗebo ruwa a randa ta miƙo.
Na sha a tsugune.