Sikelin Baba

Takardu biyu suka zo cikin mako guda,
ɗaya ran Talata, ɗaya ran Alhamis da la'asar.
Kowace ta ce, "Zuwaira Sallau, mun ɗauke ki."
Shekara guda ina roƙon ƙofa ɗaya,
sai ga biyu a buɗe,
ni kuma a tsakar gida kamar an dasa ni.

Ta farko tana Yaba.
Jirgin ƙasa daga Agege, in na sami na bakwai
zan iso da ɗumin shayi a bakina.
Bene mai hawa uku, a matse
tsakanin gidan burodi da mai gyaran agogo.
Na leƙa ajin tarihi, su goma sha ɗaya ne,
malamar ta tuɓe takalmi a ƙarƙashin tebur
tana gardama da wani yaro
kan ko gari ma yana tsufa kamar mutum.
Sun yafe mini rabin kuɗi.
Zan kwana a ɗakinmu, in ji tarin Inna ta bango,
in ci gaba da raba fitila da Tanimu.

Ta biyu tana Epe, inda hanya ke gajiya ta kwanta bakin ruwa.
Danfo uku na sauya, ƙafata ta kumbura a gosulo.
Ɗakin karatunsu yana warin banda
don masu kifi na bayan katanga.
Babu masallaci, sai wani ɗaki da tabarmi uku,
wata 'yar Ilori ta nuna mini gabas da haɓa.
Wani tsoho mai koyar da harsuna ya tambaye ni
yaya ake cewa "kewa" a bakinmu,
na faɗa, ya rubuta a tafin hannunsa,
bai wanke ba har muka rabu.
Su ba su yafe ko kobo ba.

Kowa ya zo da mudunsa.
Inna ta ce, "Kusa da wuta ake jin ɗumi."
Tanimu ya ce in tafi, yana hangen katifata.
Iya Bisi ta ƙofar gaba ta ce karatun da ba likita ba lauya,
a ina ake cinsa?
Na ja layi a bayan kalanda,
nan riba, nan hasara,
sai lissafin ya fito kunnen doki
duk ta inda na juya shi.

Ran Asabar na bi Baba mayanka.
Da kasuwa ta lafa, ya goge sikeli da gefen riga,
ya ce, "Kawo su."
Ya ɗora ta Yaba, allura ba ta motsa ba.
Ya ɗora ta Epe, ko gezau.
Mahauta suka yi dariya,
wani ya ce, "Sallau, yau takarda kake saidawa?"

Baba bai tanka ba.
Shi da bai iya boko ba,
ya ɗaga su biyun ya duba a hasken rana
yadda yake duba hanta.
Ɗaya fes, kamar yau ta fito daga ambulan.
Ɗaya ta yi laushi, ta tsage a gurbin ninki,
ga ɗigon manja a kan sunana,
ga sawun yatsa inda aka rubuta ranar zuwa.

Ya ce, "Wannan ta fi shan hannu."
Ya ninke ta, ya sa a aljihun da yake ajiye ciniki.
Sai ya juya yana kiran mai shanu
kan bashin da ya yi niyyar bari sai bayan salla.

A hanyar gida na riƙe ɗayar, mai tsabtar,
ina ba ta haƙuri a zuci
har muka wuce gadar Pen Cinema.