Sabuwar Ƙota

Gara ta fara cin gado tun mai shi na da rai.
Damina uku adakar Baba na jingine bayan ƙofa a Aboabo,
ƙarfen ya yi ja, ƙotar ta zama saƙar zuma,
in ka ƙwanƙwasa sai ta zubo da gari kamar na rogo.

Na sayo sabuwa a Kejetiya, cikin leda,
sidi ɗari uku bayan ciniki,
tana sheƙi kamar takalmin sallah.
Mai shago ya rantse tana shiga kowace bindiga.
Baba ya juya ta, ya shinshina, ya ajiye:
"Wadda ke shiga kowace bindiga
ba ta san kafaɗar kowa ba."

Muka hau torotoro zuwa Anloga,
inda zarto ke magana kafin mutum,
dusar katako har idon sawu.
Efo Senyo, fensir a kunne, yatsa ɗaya guntu,
ya kwance tsohuwar ƙotar a hankali
kamar mai cire wa majinyaci riga.
Kusa biyu suka fito, ta uku ta karye a ciki.

Ya kunna fitilar aci-balbal da rana tsaka,
ya bi cikin ƙarfen da hayaƙi har ya yi baƙi,
ya kwantar da shi a kan sabon itace, ya ɗaga.
"Inda tabo ya fito, nan suke gardama."
Ya fere tabon, bai wuce ɓawon albasa ba.
Ya sake kwantarwa. Ya sake ɗagawa.
Na ƙirga sau goma sha ɗaya, na bari.
Mai koko ta wuce, mai ruwan leda ta wuce,
aka kira azahar daga wani lungu,
ƙarfe da itace ba su gama sulhu ba.

Sai awo.
Baba ya ce, "Kamu ɗaya da yatsa huɗu, haka take tun ina saurayi."
Efo ya ɗora masa ita daga gwiwar hannu zuwa ɗan ali,
yatsan bai kai kunama ba.
Babu wanda ya ce komai.
Kafaɗar da ta ɗauko gada daga dajin Ofinso
ta rankwafa, ta shige cikin riga.
"Itacen zamani ne, miƙewa yake yi," in ji Efo,
ya yanke yatsa biyu daga gindi
ya tura guntun ƙarƙashin benci da ƙafa.

Ni kuwa tsohuwar na riƙe.
Ga kwarmin da kumatunsa suka ci shekara arba'in suna haƙawa,
sumul, baƙi da gumi da man kaɗanya.
Ga tsage-tsage a jere, ashirin da bakwai.
Tun ina yaro nake gaya wa abokai namun dawa ne,
har da damisa ɗaya da na ƙara daga bakina.
Na tambaye shi yau.
Ya ce, "Wace damisa?
Zangon makarantarka ne. Duk wanda gyazbi ya biya, sai in tsaga."

Da la'asar ƙarfen ya kwanta bai bar tabo ba.
Baba ya ɗaga ta, babu albarushi, babu komai,
ya auna wani kwano mai tsatsa a kan rufi,
ya rufe ido ɗaya, ya daɗe.
Ya sauke.
"Sanyi gare ta," ya ce. "Amma za ta koya."

Dajin ya zama gonar koko, gonar ta zama fulotai,
na san bayan ƙofa za ta koma.
Efo ya miƙa hannu zai jefa tsohuwar a tarin makamashi,
na sa ta cikin ledar da sabuwar ta fito,
garin yana zuba a cinyata har Aboabo.