Matakala Ɗari Uku da Sha Ɗaya

Likita Selda ta rubuta mini a 'yar takarda:
rage mai, rage gishiri, taka ƙasa kullum.
Na ninke ta huɗu na cusa a aljihu,
muka bi motar dare daga Ankara,
ni da Nermin, da takalman gudu sababbi fil
waɗanda ban taɓa ɗaure wa igiya ba.

Shekara ashirin da shida ina tuƙin bas,
kujera ta san ni, ƙasa ta manta da ni,
tumbi na riga ni shiga ɗaki.
Na ce hutun kwana goma ne,
kwana goma ba su kashe kowa ba.

Gari ya waye mana a Rize,
yayyafi, tuddai kore shar da ganyen shayi,
teku na huci can ƙasa.
Gidan surukata Makbule na ƙololuwar tudu,
kwalta ta ƙare, mota ta juya,
saura ƙafa.
A matakala ta tamanin na tsaya, wai ina kallon teku.
A ta ɗari da hamsin na daina ƙarya, na zauna.
Tsohuwar ta wuce ni da buhu a gadon baya,
saba'in da huɗu, ko nishi babu.
"Sannu direba," ta ce, ba ta waiwaya ba.

Da safe ta dire kasko a gabana,
garin masara da cuku na iyo a man shanu,
ka ɗaga cokali ya biyo ka kamar zare.
Ga burodi na tururi, ga zuma.
Takardar ta motsa a aljihu, na dafe ta.
Na ci, na ƙara, na suɗe gefen kasko.

Da dare ƙirji ya ɗau wuta.
Nermin ta ɗaura mini na'urar awo a dantse,
ta dubi lambar, ta dube ni,
ta kashe fitila.
Da ta yi faɗa, da na samu barci.

Rana ta uku na yi cokali uku na ajiye.
"Girkina ne ya lalace?"
Na miƙa takardar hannu na rawa.
Ta nemo tabarau, ta bi ta baƙi-baƙi,
ta sheƙe da dariya har da tari:
"Yarinyar nan da gaskiyarta, amma kai ka karanta rabi.
Mu nan ci muke, sai mu biya tudu bashinsa."
Ta ɗora mini almakashi da buhu.

Na yanki ganye har kafaɗa ta yi tsami.
Sayen burodin asuba ya dawo wuyana,
in sauka da sanyi, in hau da gumi.
Kifi na ce a gasa, aka gasa ana harara.
Miyar kabeji da wake, kwano biyu, ba mai hana ni.
Sukarin shayi daga dunƙule uku ya koma ɗaya,
ɗayan nan kuwa na ƙi saki,
mutum ai ba dutse ba ne.

Daren bikin jikar maƙwabci na karya doka,
alawa mai zuma, yanka huɗu.
Ban yi nadama ba. Da safe tudu ya karɓi nasa.

Rana ta tara na iso ƙofa da burodi
sai na tuna ban ƙirga ba.
Sau ɗaya na huta, shi ma a tsaye.
Takalman sun yi taɓo, sun daina kama da na kanti.

Ran komawa ta cusa mana kwalbar man shanu,
kilo biyu, ba musu.
Yanzu ga mu a ƙasan benenmu, hawa na biyar,
ƙofar lif ta buɗe baki tana jira.
Nermin ta shiga da akwatuna.
Na rungumi kwalbar na dubi bene,
sittin da huɗu kacal.
Na ce, je ki, ki ɗora shayi.