Waƙafi Mai Ruwa

Ƙarfe biyun dare a Kakuri.
An ɗauke wuta tun bayan isha'i,
cajin kwamfutata saura kashi tara,
ina farautar abin da ban san kamanninsa ba.
Layi ɗari huɗu na rubuta,
na'ura ta ce a'a.
Jan rubutu kawai ta watso mini,
kamar mai bin bashin da ya gaji da sallama.

A aji ɗaya mun zaci madannai za a ba mu,
sai aka ba mu alli da lissafi.
Dakta Jatau ya cika allo da sifili da ɗaya,
ya ce duk duniya tana cikin nan,
ya kakkaɓe hannu, ya fita.
Mu ɗari biyu, kwamfuta goma sha ɗaya,
uku ma sai da lallashi suke tashi.
Ranar jarrabawa a takarda muka gina manhaja,
koyon iyo a kan tabarma.

Tarin Baba ya riga shi shigowa.
Shekara ashirin da biyu ya yi a masaƙa
kafin a datse ƙofarta da kwaɗo,
ciyawa ta gaje injuna.
Wannan kwamfutar ma, babur ɗinsa ce
ta sake kama.

"Talatu, ta ƙi?"
Na ce ta ƙi.

Ya zauna bakin katifa, ya karɓi tocila.
Bai san baƙin boko ba, ko na sunansa.
Ya ce, "Idan yadi ya fito da aibu
ba a zagin inji.
Zare ɗaya ne ya tsinke.
Rage gudu, ki bi su da yatsa."

Na bi su da yatsa.
Layi na goma, na sittin, na ɗari,
sauro na waƙa, Baba na gyangyaɗi,
amma hasken bai kauce ba.
Na ɗari biyu da sha bakwai:
ga gurbin nan, fayau.
Waƙafi mai ruwa!
Ɗigo da 'yar wutsiya,
bai kai ƙwayar gero ba,
shi ya hana ni barci kwana uku.

Na ɗaura zaren. Na danna.
Saura kashi biyu.
Sai ga sunayen 'yan adashin Inna
sun jeru, kowa da ranar kwasarta,
Lantana, Asabe, Maman Ishaya,
ba wadda ta hau kan wata.

Allon ya mutu.

Cikin duhu na ji ya ce, "Ta saƙu?"
Na ce ta saƙu, Baba.
Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara,
ya ajiye kuɗin mota a kan littafina.
Ƙarfe takwas ina da darasi a tsallaken gada,
kuma ban wanke hijabina ba.