Tuwon Fada

Tun Juma'a da la'asar na tuƙa tuwon acca,
na kaɗa miyar karkashi yadda yake so,
na rufe kwano, na lulluɓe da tawul.
Fada Dachung ya leƙo, makullin mota a haƙora,
hannu ɗaya cikin riga, ɗayan yana laluben hanya:
"Ngo Kangyang, ajiye min, yanzu zan dawo."
Shekara tara ina jin wannan yanzun.
Yanzun Fada ya fi hanyar Shendam tsawo.

Wai wani tsoho ne a asibitin Lamingo
ya ƙi barci, ya ƙi tafiya, sai ya ga Fada.
Ya shafe shi da mai, ya riƙe masa hannu
har nas ta rage fitila.
Sha ɗaya saura na ji ƙarar ƙyaure.
Tuwo ya yi sanyi kamar dutsen Shere.

Asabar ban bi shi ba, ban kuwa buƙata,
mota ce ke kawo min rahoto.
Jar lakar taya, ta Kuru ce, na san ta.
Kwalin shinkafa a kujerar baya, ko buɗewa ba a yi ba:
an ɗaura aure a Bukuru ke nan.
Kaza ɗaure a but tana hararata,
da rabin buhun dankali:
jarirai bakwai sun sha ruwan baftisma,
ɗaya, in ji katikis, ya cafke masa tabarau.

Baƙin mai a bakin farar riga fa?
Ya yi dariya. Mota ta cije a Anguldi,
ya kira Sabitu na Dilimi,
wanda suka raba benci ɗaya a firamare.
Sabitu ya zo kan babur, ya zagi injin,
ya zagi Fada da rowar canza mai,
ya shimfiɗa kwali ya yi la'asar
Fada na tsaye yana gadin sifana.
Suka ci gasasshiyar masara, suka yi musun ƙwallo.
Kuɗin gyara? Wai sai ran da ya zama Bishop.
Ni zan wanke rigar dai.

Da magariba ya zauna jin ikirari,
ya kwashe nauyin unguwa guda a kunne ɗaya.
Ko ɗigo bai taɓa zubarwa a teburina ba,
ni kuwa, Allah na gani, na sha kasa kunne.

Lahadi Mas uku.
Matan zumunta suna dukan tulu,
sanyi na shigowa ta tagar da ba gilashi,
shi yana wa'azin gurasa biyar da kifi biyu,
yadda dubu biyar suka ci har aka bar saura.
Ina bencin baya na toshe baki da gyale:
mai labarin ƙoshi, shayi kaɗai ke cikinsa.

Daga nan Vom, wurin tsohon Fadan da ya rene shi,
wanda sunaye suka fara zube masa
kamar gero a ɓulallen buhu.
Bai gane shi ba sai da aka fito da ludo.
Nan ya ce, "Yaro, har yau kana maguɗi?"
Da ya faɗa min wannan, bai yi dariya ba.
Ya daɗe yana kwance igiyar takalmi.

Tara na dare na tuƙa sabo.
Ya zauna, ya tambayi gwiwata,
ya tambayi jarabawar Simi,
ya wanke hannu, ya sunkuya:
"Da sunan Uba, da na Ɗa..."
Na jira.
Tururi yana tashi, haɓa tana sauka.
Na ce masa Amin ɗin da kaina.

Sai waya ta soma rawa a kan tebur.
Na dube ta, na dube shi.
Na ɗauke ta a hankali, na tura cikin buhun acca,
na ɗaure baki.

Wannan zan kai masa ikirari ran Asabar,
in ya zauna.