Tsakanin Inji da Taya

Injin ban-ruwa ne, doki shida da rabi.
Shekara bakwai yana tsotsar rijiyata a Tadis.
Ran da rijiya ta ƙafe, na dafa kansa na ce:
ka gama jan ruwa, yanzu ni za ka ja.

Ƙafar gaba ta wani mataccen babur ce,
na baya Illa mai walda ya ciro a amalanke,
kujera kuwa ƙofar firji ce da buhu a kai.
Komai ya zauna, sai abu ɗaya:
inji bai san sannu ba,
taya ba ta san gaggawa ba,
kuma babu mai shiga tsakani.

Da farko na haɗa su da sarƙa, ba waliyyi, ba shaida.
Ina fizgar igiya, mota ta tafi ba ni,
ta keta dangar Habsu, ta fasa randa biyu.
Na biya ɗaya. Ɗayar har yau
ita ce gaisuwarmu ta safe.

Ran Lahadi na ratsa kasuwar Tawa
zuwa rumfar Hashimu mai tsoffin ƙarafa.
Shi ambiriyaji yake ce masa,
wani ɗan Konni a gefe ya ce kuloci,
suka yi ta musu, ni dai kuɗina na dafe.
Hashimu ya ce: kaurin sandar injinka nawa?
Ban sani ba. Na koma gida a ƙasa,
na naɗa zare, na ƙulla, na dawo da shi a kunne.

Ya ɗora mini wani a tafin hannu,
kamar gwangwanin tumatir, mai nauyin dutsen niƙa.
Wannan da kansa yake kamawa in inji ya yi ruri,
ba ƙafa, ba hannu. Jika ashirin da biyar.
Har na fara kwance bakin aljihu,
sai ya ce: me za ka ɗauka?
Na ce albasa, buhu huɗu.
Wace hanya? Na ce yashi, har idon sawu.
Ya karɓe abinsa ya mayar cikin leda.
A kwalta yake rayuwa, in ji shi.
A yashi zai yi ta sulɓi yana zafi
har ya yi shuɗi, ya yi warin ƙonannen kofato,
ka dawo nan kana zagin kakana.

Na babur fa? Faifai ne masu kwana cikin mai.
Sai na gina musu ɗaki, sai an feƙe sanda a Yamai,
kuɗin motar zuwa kawai ya fi injin daraja.

Na taho hannu wofi, rana ta karkata.
A Bilbis na tsaya gidan niƙan Baraka neman ruwa.
Yarinyarta ce ke aiki. Inji na ta kuka shi kaɗai,
kuruwa ta saki jiki tana lilo.
Ta sa gwiwa ta danna wani guntun icce,
kuruwa ta miƙe, ta yi ƙiii, ta kama,
dutse ya soma juyi kamar mai tashi daga barci.
Na manta da ruwan. Na ce: sake in gani.
Sau huɗu ta sake, har masu gero suka fara tsaki.

Yanzu ga fuli biyu, ƙarami a inji, babba a baya,
ga ƙaramar taya a kan sanda, ƙarƙashin ƙafata ta hagu.
In na danna, ta kama. In kaya sun fi ƙarfi,
kuruwa ce ke kuka, ba ƙarfe ke karyewa ba.
Ta ji ruwa, sai haƙuri. Ta tsinke,
akwai wata rataye a wuyana.

Jakin Assumana ya wuce mu jiya a hawan tudu,
buhu ɗaya gare shi, mu huɗu.
Habsu kuwa, da ta ji tututu daga nesa,
sai ta ja randarta cikin ɗaki.