Duro Uku a Kakuri

Duro uku Baba ya bar mana.
Ba gona, ba fili, ba ko sisi a banki.
Ranar da aka garƙame ƙofar masaƙa
ya gangaro da su gida, ɗaya bayan ɗaya,
yana tura su da ƙafa kamar mai koro awaki.
Na rini ne. An wanke, an sake wankewa,
amma leƙa gindin na tsakiya ka gani,
har yau baba bai sake shi ba.

Ruwan farko ba namu ba ne, in ji shi,
na kwano ne, a bar shi ya yi wanka,
ya tafi da tsatsa da kashin ƙadangare
da hayaƙin janareto na wata shida.
Na biyu ma a yi masa kawaici.
Na uku, to, bismilla, a buɗe murfi.

Daren jiya hadari ya haɗo ta Sabon Tasha.
Kafin iska ta iso an ɗauke wuta.
Na fita, tocila a baki, zani a ƙirji,
na ja duro ƙarƙashin indararo,
na tsaya a jikin bango ina saurare.
Da kunne nake awo.
In babu komai a ciki, surutu gare shi,
kamar ɗan kamasho a tasha.
In ya kai rabi sai murya ta yi kauri.
In ya cika sai ya yi shiru,
irin shirun Baba bayan ya ƙoshi.

Gaskiya rabin ruwan ba daga rufinmu yake ba.
Kwanon Istifanus ya leƙo katangarmu da kamu guda,
nan yake zubar da nasa.
Bara matarsa Kyauta ta ɗago kai ta katanga:
"Maƙwabciya, ruwan rufinmu ne fa kike tara."
Na ce, "To saman fa, na wa?"
Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.
Tun ranar, duk Asabar,
damin rama kan haura katanga,
haraji ne, ba mai rubuta rasit.

In marka ta kankama ba mai kula duro.
Kogi ya cika ya tumbatsa a ƙarƙashin gada,
kwata ta zama rafi, takalma suna iyo,
ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa
ina jin ciwon abin da ke wucewa.
Duk wannan arziki, mazubina uku.

Sai na yanka tsohon gidan sauro
na ɗaure musu baki da robar tayar keke,
kada a haifa mana zazzaɓi a tsakar gida.

Sannan wata safiya sama ta ɗauke kai.
Famfo ya yi tari sau biyu, ya yi gum.
Mai ruwa ya ƙara wa jarka kuɗi,
ko gaisuwa sai ya ga dama.
Lokacin ne nake fito da gwangwanin madara.
Biyu na attaruhu, don shi ba ya yafiya.
Ɗaya na yakuwa. Ɗaya da rabi na alayyafo.
Kuɓewa ta tsufa, ta ci zamaninta.
Zogale ya yi haƙuri, ya saba.

Nafi'u yana bina da nasa ƙaramin gwangwani,
rabi a ƙasa, rabi a wandonsa.
Ya ce, "Umma, in ya ƙare fa?"
Na ce, in ya ƙare mu kifa su,
mu zauna a kai mu jira.

Bai yarda ba. Ya je ya ƙwanƙwasa na tsakiya,
ya kara kunne,
wai yana so ya ji ko Kaka na ciki.